Ciwon Ƙodar Bhunte

Ja ne, ja wur, a kan simintin gindin famfo inda kwikwiyo Bhunte ya saba tsugunawa ya yi fitsari kowace safiya. Lumanti ta saki bokitin hannunta, ta ƙwala wa kakarta Aji kira.

Aji ta leƙo riƙe da farantin tagullar ibadarta, da furanni da 'yar shinkafa da garin shafa goshi a kai. Ta dubi simintin, ta dubi ɗan kwikwiyon da ke ta tauna silifa abinsa.

"Ƙoda ce," in ji ta. "Ita ta kashe karen gidan Maharjan. Ɗauke shi ki kai wa likitan dabbobin nan na bayan tafki. Amma ba da wannan tsummar ba. Sa koriyar rigarki."

"Aji, kare na mutuwa kina zancen riga!"

"In ma mutuwar ce, gara ya mutu a hannun mai tsafta."

Watan Bhunte biyar. A kwata Lumanti ta tsince shi da damina, ta rene shi da madara a cokali. Shi kaɗai take karanta wa tsofaffin littattafan da take saye wurin mai gwanjon takardu, domin ita ba mai fita ba ce, ba kuma mai magana ba. Aji ta sha cewa yarinyar nan a bakin taga za ta tsufa.

Likita Nirajan saurayi ne, tabarau na ta zame masa a hanci. Ya karɓi kwikwiyon, ya ɗan rusuna masa.

"Ranka ya daɗe, me ke damunka?"

Bhunte ya lashe masa kunne. Lumanti ta fashe da dariya tana tsaka da kuka, sai shaƙuwa ta kama ta, har sai da likitan dabbobi ya koma ba mutum ruwa. Ya ɗebi jinin kwikwiyon, ya ce ta dawo jibi. A hanyar gida ta wuce lungunsu ba ta sani ba.

Jini ya fito lafiya ƙalau. Washegari siminti ya sake yin ja.

Aka yi hoton ciki, ba a ga tsakuwa ba. Nirajan ya ce ta kankaro masa na kan simintin ya duba, amma Aji ba ta yarda ƙazanta ta daɗe a tsakar gida. Kafin Lumanti ta nemo kwalba an kwara ruwa. Sai ya ce ta tara fitsarin kai tsaye. Ranar maƙwabta suka cika tagogi suna kallon Lumanti tana bin kare da ludayi, suna yi mata kirari. Abin da ta tara fes yake, ruwan ɗorawa. Na asuba kuwa, wanda Bhunte ke yi idan Aji ta buɗe masa ƙofa za ta zagaya wuraren ibada, ja.

"Da safe ƙoda take tashi," in ji Aji. "Maza, likitan ƙarfe tara yake buɗewa. Yaron kirki. An ce ko budurwa ba shi da ita."

"Wa ya tambaye ki?"

"Ni da karen nake."

Lumanti ta rasa gane kanta. Ta zuba gishiri a shayi. Ta gaida akuya a hanya. Nirajan ya ga littafi a jakarta ya ara, ya dawo da shi da busasshen fure a shafin da ita ma ta fi so, ta yini tana buɗewa tana rufewa. Kullum takan sauko tsakar gida da addu'ar kada ta ga ja, amma da kwalli a idonta, ko da za ta gani ta koma wurin likita. Sai kunya ta kama ta, ta rungume Bhunte ta roƙe shi gafara. Shi kuwa ƙiba kawai yake yi. Aji na gefe tana mita, wai masu sayar da kayan ibada sun zama ɓarayi, ƙunshin gari ba ya ko kai mako yanzu.

Ranar da ta kai shi na ƙarshe, Nirajan ya cire tabarau ya murza ido.

"Na duba duk abin da na sani. Idan ƙodar ce take ɓoye mini, tsoro nake kada mu makara. Gobe zan zo in gani da idona."

Ya iso gari bai gama wayewa ba, gashinsa a jiƙe. Shi ya buɗe wa Bhunte ƙofa. Su uku suka tsaya cirko-cirko a gindin famfo. Bhunte ya shinshina, ya zagaya, ya tsuguna.

Ruwan ɗorawa.

Lumanti ta yi tsalle, ta yi ihu, ta cafke hannun likita. Sai da ihun ya lafa ta lura ba ta sake shi ba, shi ma bai janye ba.

"A ilmance," in ji shi, kunnuwansa sun yi ja, "rana ɗaya ba hujja ba ce. Sai na riƙa zuwa."

"Shayi ba ya ƙarewa a gidan nan," in ji Aji.

Ya riƙa zuwa. Siminti bai ƙara yin ja ba. Kafin bikin fitilu ya zo, danginsa sun kawo ƙwayar gwe, wato goron neman aurensu.

Ranar girmama karnuka a bikin, Lumanti ta rataya wa Bhunte sarƙar furanni, Nirajan ya ajiye masa ƙwai da nama, suka koma gefe suna dariyar abin da su kaɗai suka sani. Aji ta durƙusa da farantinta, gwiwoyinta na ƙara. Ta dangwali jan garin da ɗan yatsa, ta kai bakinta kunnen kwikwiyon.

"Ka yafe mini alluran da ka sha, abokin sirrina," in ji ta. "Yau dai a goshi zan sa maka, ba a fitsari ba."