Za Ka Ji Barkono

Kwanon ya daki bango, miya ta wanke wa Iya zani.

"Wannan miya ce ko ruwan wanki?" ɗan kwangila ya daka mata tsawa daga kan gado. "Barkono ya ƙare a duniya ne, tsohuwar banza?"

"Za ka ji barkono, ranka ya daɗe," in ji Iya, tana goge bangon.

Tun da benen da ya gina ya rufta kan leburori, kotu ta neme shi, sai ƙafafunsa suka shanye. Haka dai lauyansa ya ce, shari'a kuwa ta tsaya cak. Matarsa ta ɗauki Iya aikin jinya, har tana yabon hannunta: ta iya juya majinyaci, ta iya sauya zanin gado ba tare da an ɗaga shi ba. Iya ma ta ga nata abin mamakin. Mutum kwance wata da watanni, ba gyambo ko ɗaya a bayansa, ga ƙura a tafin ƙafa kowace safiya. 

Ranar da kotu ta turo likita ya duba shi, matar gidan ta tsayar da baƙin a falo da lemo, wai maigida bai farka ba. Iya ta shiga kicin ta zaɓo busasshen barkono, ƙananan nan marasa imani. Ta watsa su kan garwashi a kasko, ta ɗaure hancinta da mayafi. Ta ajiye kaskon kusa da gadonsa, ta rufe taga, ta jawo ƙofa.

Tari ya fara. Kira ya biyo baya, sannan ashar. Can sai ƙofa ta buɗe da ƙarfi, ɗan kwangila ya fito a guje, hawaye da majina shaɓe-shaɓe, ya tsallake teburin falo kamar ɗan akuya, ya ci birki gaban likita da ma'aikacin kotu.

"Barka da samun sauƙi," in ji Iya. "Barkonon ya ji?"

"Muguwa!" matar gidan ta fashe da ihu. "Me muka yi miki?"

Iya ta gyara mayafinta, ta nufi ƙofa.

"Bari in je gida, uwar ɗakina, lokacin juya ɗana ya yi. Tun da benen mijinki ya faɗo masa, shi ko gidan ne ya kama da wuta ba zai iya tashi ba."