Fentin Ɗakin Inna

"Tsakanin wannan da wannan, wanne ya fi kama da na ɗakin Inna?" Maigidana ne yake tambayar mai fenti, ni kuma ina tsintar shinkafa a bayan ƙofa. Gwangwani biyu ne a gabansu, duka ruwan hoda mai ɗan ja-ja. Ɗaya ya fi karkata ga ja, kamar cikin nunanniyar gwaiba, ɗayan ya ɗan kwanta, kamar ɓawon albasa. Dalilin tambayar kuwa, bangon ɗakin surukata ya tsage tun daminar bara, har ana hango haske ta ciki, amma ta ƙi fita, don marigayi Malam, mijinta, shi ya shafa wa ɗakin fenti da hannunsa. Sai ɗan nata ya gina mata sabo, ya ce in launin ya zo ɗaya za ta yarda ta koma kafin ruwa ya sauka. Ya ɓantaro ɓawon tsohon bangon, suka shafa kowane fenti kusa da shi, suka bari ya bushe. Suka duba da hantsi, suka sake dubawa da la'asar. Mai kama da gwaiba ya ci. Ko ni da nake sharar ɗakin kullum ban iya raba shi da launin tsohon bangon ba.

Inna ta shiga, ta dubi bango, ta sa wa ɗanta albarka, aka kwaso mata kaya. Ni ce mai kai mata abinci, shi ya sa na gani. In ta idar da sallah, takan kai hannu bango ta dafa kafin ta miƙe. A tsohon ɗaki wurin ya yi duhu don dafawa, kuma akwai ɗan tudu inda fenti ya zubo wa Malam ya bushe a haka. Nan yatsunta suke sauka. A sabon ɗaki sai na ga hannun yana ta lalube a bango sumul, can ta janye shi, ta dafa gwiwa, ta tashi da ƙyar. Da yamma ɗanta ya leƙo ya ce, "Inna, launin ya yi?" Ta ce, "Shi ne sak, ɗan nan." Ya fita yana murmushi. Na kwashe kwanuka, na bar abin a cikina. Ya yi iyakar yinsa, kuma bangon nan ba zai faɗo mata ba. Amma dai masu iya magana sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.