Jarin Na-Sani

Ta gilashin ɗakin taro Na-Sani ya hango injiniyar da suke jira a ƙarshen baranda tana naɗe sallaya, ya zunguri abokin jarinsa Dogo da gwiwar hannu. Ma'aikatansa ne suka laƙaba masa sunan Na-Sani a bayan ido, domin ba mai kai ƙarshen magana a gabansa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani." Takarda kuwa bai taɓa wuce shafinta na farko ba, kuma yana alfahari da hakan.

Injiniya ta shigo ta gaishe su, ta jona kwamfutarta da majigi. Ita ta ƙera wata manhajar waya mai suna Tashi. Masu amfani da ita sun yi yawa har na'urorin da ke ɗauke da ita suna nishi, in ba a samu jari ba sai dai a rufe. Na-Sani ya san da wannan, kuma ya ji daɗinsa, don mai neman ruwa ba ya tsawaita ciniki.

"Kin gama hira da sama?" ya tambaye ta. "Me aka ce, za a ba ki jarin daga can?"

Dogo ya tuntsire da dariya. Ita dai ta gyara mayafinta, ta buɗe shafin farko.

Abin da ya fito a allo ya sa Na-Sani ya gyara zama. Mutane suna buɗe manhajar tun gari bai gama wayewa ba, su dawo mata da rana, su sake dawowa da yamma. Wanda ya sauke ta ba ya goge ta. Talla ko ɗaya ba a taɓa yi mata ba, baki da baki ta yaɗu.

"Yallaɓai, bari in yi bayanin ainihin abin da take..."

"Na sani. Motsa jiki. Tashi ka motsa, ko ba haka ba?" Ya juya ga Dogo. "Ka ga mutanen da nake so. Masu darajta lokaci, ba masu barin aiki su je suna buga goshi a ƙasa ba."

Lauyar kamfanin, dattijuwa mai tabarau wadda ita kaɗai ta karanta takardun har ƙarshe, ta yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, da dai ka duba shafi na..."

"Na sani."

Lauya ta cire tabarau ta shiga goge shi da natsuwa.

Ya faɗi tayinsa, mai tsoka ne. Sai ya ɗora da nasiha kyauta: addini bargon talaka ne, wanda ya samu ɗaki mai ɗumi sai ya yar da shi. In tana son ta yi nisa, ta riƙa barin nata a bakin ƙofa tare da takalmi.

Hannun Injiniya ya tsaya cak a kan kwamfuta. Ta nemi a ba ta ɗan lokaci, ta fita. Ta gilashi ya ga tana kai da komo da waya a kunne, tana share ido da bakin mayafi. Can sai ta tsaya, ta saurara, kafaɗunta suka fara girgiza. Ya ɗauka kukan ne ya ƙaru.

Ta dawo idanunta jajir, amma bakinta ya ƙi rufuwa sosai.

"Mahaifiyata ta ce in karɓa. Ta ce guga ba ya salla, amma shi ke jawo ruwan alwala."

"Tsofaffi da surutu," in ji Na-Sani, ya tura mata alƙalami.

"Yallaɓai, ka tabbata ba ka so in ƙarasa bayanin? Kada gobe a ce na rufe ka."

"Yarinya, na fara zuba jari tun kina rarrafe."

Ta dubi lauya, lauya ta dubi rufi. Aka sa hannu.

A makon nan ya kama zauren wani otal, ya gayyato 'yan jarida da manyan abokan harkarsa, irin waɗanda suka saba tafa masa in ya fara zolayar masu ibada. A cikin lif ya miƙa wa Injiniya wayarsa ta saka masa manhajar, don ya nuna wa jama'a. Ta saka, ta tambaye shi ko ta ƙara murya.

"Har ƙarshe," ya ce.

Rana ta take tsaka sa'ad da ya hau mumbari. Ya yi magana a kan hangen nesa, da yadda yake jin ƙanshin riba tun daga nesa. Ya nuna Injiniya a layin gaba ya ce ga misalin abin da mutum kan zama in ya yarda ya saurari masu ilimi. Ita tana ta duban agogon hannunta, shi kuwa ya ɗauka kunya ce.

"Miliyoyin mutane wannan abu yake tayarwa kullum," ya ce, ya ɗaga wayar ya kanga ta a bakin makirufo. "Su ne mutanen gobe. Su nake so 'ya'yana su yi koyi da su."

Daidai nan azahar ta shiga, manhajar da Na-Sani ya zuba wa dukiyarsa kuwa ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa: ta cika lasifikokin zauren da kiran salla.