Sukari Ya Ƙare

Tun da ta zo hutu gidan Goggo, kullum sai ta ƙirƙiri sayen sukari a shagon bakin layi, har sukarin ya yi yawa, tururuwa ta tare a kicin. Gobe za ta tafi, mai shagon kuwa bai taɓa wuce "Na nawa za a ba ki?" ba.

"Sukari," ta ce masa. "Na ƙarshe ke nan. Da sassafe motarmu za ta tashi."

Ya waiwayi buhun da ke cike a bayansa, ya dubi idanunta da suka ciko.

"Ya ƙare."

Ta juya da sauri, kada ya ga hawayenta.

"Ni zan kawo har gida," ya ce. "Baba yana nan da yamma? Ina son in nemi izinin fara zuwa zance wurinki."