Motsa Jikin Maigida

"Zan fita motsa jiki, kamar yadda likita ya ce," na gaya wa matata.

"A dawo lafiya," ta ce, ko kai ba ta ɗago ba.

Tunda hawan jini ya kwantar da ni a asibiti ta raba ni da gishiri da mai. Na gaji. Ina shan kwana na faɗa gidan abincin 'yan Indiya, na ce a kawo kaza mai yaji. Aka kawo dafaffen kabeji, lami.

Na tsallaka na 'yan Sin, na nemi soyayyar taliya. Kabeji aka kawo.

A na Turkawa da yatsa na nuna gasasshen nama. Mai kawo abinci ya dube ni, ya dubi wayarsa, ya dawo da kabeji.

"Malam, wai me ke faruwa a layin nan?"

"Yi haƙuri, Alhaji. Hajiya ce ta raba mana hotonka."

Na miƙe zan fita.

"In na 'yan Italiya za ka, ɗan hanzarta. Yanzu ta bugo, ta ce ta kama muku teburi."