Malamin Lesin a Layin Teloli

"Baba, ina malamin da ke yi wa yarinyar nan lesin?"

Malamar Adabin Turanci ce ta taso tun daga Samaru har shagona a kasuwar Sabon Gari, da sakamakon jarrabawar 'yata a hannu. Ita kaɗai ta ci A1 a ajinsu.

Na ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki. "Malama, ni ko sunana ban iya rubutawa ba."

'Yata da ke tsaye a gefe ta ce, "Shi ne, Ma. Shekara uku, kullum na taso sai na fassara masa babi ɗaya. Da na ce jarumin mutumin kirki ne, sai ya ce, 'Wa ya faɗa?' In na ce shi da bakinsa, sai ya miƙo mini riga ya ce, 'Juya ta, ki duba ɗinkin ciki.' Sai in koma farkon babin."

Malama ta juya bakin hannun rigarta, ta daɗe tana kallo.

Ran Litinin, ina da shekara hamsin da takwas, na fara shiga aji. Da riga a hannuna, kuma a gaban allo aka tsayar da ni.