Fangali Ɗaya Doguwa, Fangali Ɗaya Gajeriya

Tanimu, an ce ka ga alkama a gonar wani ta burge ka, har kana shirin cika gonarka da irinta bana. To, ajiye buhun nan ka zauna, in ba ka wani misali kafin a kira la'asar.

An yi wani manomin rani da ba shi da komai sai gona ɗaya a bakin kogi. Daga ita gidansa ke ci, daga ita matarsa ke samun alkamar da take yin alkaki da taliya. Irin da yake shukawa wata gajeriyar alkama ce, da kaɗan ta wuce gwiwa, ba mai ganinta ya sake waiwaye. Maƙwabcinsa na gona kuwa taubashinsa ne, mutum mai bakin tsiya. Wata shekara taubashin ya samo sabon iri daga nesa, doguwa mai faɗin ganye, kore shar, zangarniyarta da gashi zara-zara. Kullum sai ya leƙo ta kan iyaka ya tambayi mutuminmu wai alkama ya shuka ko ciyawar awaki. Bayan girbi kuma duk majalisar da ya zauna sai ya faɗi buhunan da ya samu, kuma a kowace majalisa sai sun ƙaru da biyu. Abin ya ci wa mutuminmu rai ƙwarai. Da lokacin shuka ya zagayo, ya ƙudura zai kai irinsa inji a niƙe, ya karɓi doguwa ya cika gonar. Ka ga ke nan in doguwar ta ba shi kunya, abincin shekara ya tafi, irinsa kuma ya riga ya shige tukunya.

Matarsa ce ta tuna masa abin da kowa ya sani amma aka manta. A gonar taubashin nan Fulani suka yi zaman kaka da shanunsu bara, kuma ita ruwa ke fara shiga kafin ya iso tasu. Ƙasa irin wannan, ko tsakuwa ka shuka sai ta yi ganye. Mutumin ya ga maganar a kan hanya take. Sai ya karɓo doguwar kwano kaɗan a wajen taubashin, ya bi gonarsa fangali-fangali, wato 'yan filayen nan da ake yi wa kunya don su riƙe ruwa: wannan doguwa, na kusa da shi gajeriya, haka har ƙarshen gona. Duk fangalin doguwa ya kafa masa kara da jan tsumma don kada ya rikice. Rana ɗaya ya shuka su, rana ɗaya yake ba su ruwa, taki kuma da gwangwani ɗaya yake aunawa. Da suka taso, gonar ta zama kamar kan da wanzami ya fara askewa ya gudu. Taubashin ya samu abin yi, har abokai yake gayyatowa kallo.

Kada ka ɗauka mutuminmu waliyyi ne. Duk tsawon sanyi doguwar ce ke cika masa ido, zuciyarsa na wajenta, har yana cizon yatsa da bai shuka ta duka ba. Wata safiya matarsa ta kawo masa kunu ta tarar ya ɗebi taki a tafin hannu zai ƙara wa fangalin doguwa a ɓoye. Ta ce, "Maigida, in ka ƙara wa wannan ka ƙara wa waccan. In ba haka ba, ai ba alkama kake gwadawa ba, son ranka kake gwadawa." Ya yi dariyar kunya ya mayar da takin cikin buhu.

Da sanyi ya ja jiki, zafi ya kunno kai kamar yadda ya saba a ƙasar nan, gajeriya ta riga ta cika ƙwaya ta fara ja. Doguwa kuwa tana ta ado, ƙwayarta ruwa-ruwa, rana ta same ta a haka. Aka yi ban ruwan ƙarshe, iska ta taso da yamma, sai ga ta kwance cikin laka. Ya girbe su daban, ya sussuka daban, matarsa ta sheƙe daban, aka auna da kwano ɗaya. Duk inda doguwa ta ba da kwano biyu, gajeriya ta ba da uku, kuma ƙwayar doguwar a motse take. Taubashin da ya cika gonarsa da ita, ga shi bana babu shanun Fulani, sai ga shi ya zo da buhu a naɗe a hammata. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi yara, ya tambayi jaki, sannan ya yi ƙasa da murya ya ce ko za a san masa ciyawar awakin nan. Mutuminmu ya yi dariya har da hawaye, ya cika masa buhun.

Ban ce doguwa ba ta da kirki ba, Tanimu. Wataƙila a garinsu, inda sanyi ke daɗewa, ita ce sarauniya. Irin da ka gani ɗin ma yana iya fin naka, ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, kuma gonarka ɗaya ce. Ka ba shi fangali, ka ba naka fangali, ka nemi kara da jan tsumma. Hausawa dai sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.